Ƙafar Nuriyya a Takardar A4

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina buga wa mutane takardu a Mabera, nan Sakkwato, kuma duk wanda ya san shagona ya san ba na ɗaukar shirme. Ka zo ka ce in rage maka shekaru a takardar haihuwa, ga ƙofa nan. Ka tsaya a kaina kana dangwala mini allon kwamfuta da yatsa mai maiƙon ƙosai, za ka ji abin da ba ka zo ji ba. Sunana Dorcas, a Sabon Gari aka haife ni. Ɗaliban da ke kawo mini aiki suna ce mini Anti Masifa a bayan idona, sun zaci ban sani ba. Ko a jikina, tunda dai aikina ba ya dawowa. To, sau ɗaya ya dawo, kuma a kan mutumin da ba zan so in ɓata wa ko da minti ɗaya ba.

Baba Maccido baduku ne, bango ɗaya ya raba rumfarsa da shagona. Na same shi a wurin, shi ya nuna mini inda ruwa ke kwanciya da damina kafin in sa siminti. Hannunsa ya fara rawa, idonsa ya gaji, ya kai shekara uku bai ɗinka sabon takalmi ba, sai gyaran jakar makaranta da silifas ɗin da ya tsinke. 'Yarsa ɗaya ce, Zulaihatu. Ta bi mijinta Maleshiya shekara shida da suka wuce, ya je karatu, ya gama, aka riƙe shi koyarwa. Lokacin da suka tafi, 'yarsu Nuriyya tana da shekara uku, ba ta da wurin zama sai cinyar kakanta, tana kwashe masa guntayen fata tana cusawa a baki. Wayar Baba 'yar ƙarama ce mai maɓallai, murya kawai take kawowa. Duk wani hoto ko takarda da Zulaihatu za ta aiko, wayata yake shigowa.

Wata ranar Asabar ya shigo shagon da sauri irin wanda na daɗe ban gani a jikinsa ba.

"Dorcas, ɗiyata, duba wayakki. Zulai ta ce ta aiko da saƙo."

"Baba, ka ga mutane a kaina."

"Na gane su. Duba dai."

Ya tsaya nan ya ba ni labari, ko ina ji ko ba na ji. Makarantar su Nuriyya za ta yi wani biki, kowane yaro zai sa kayan ƙasarsu. Yarinyar ta riga ta faɗa wa 'yan ajinsu kaf cewa kakanta da hannunsa yake yin takalmi, da jar fatar akuya irin ta Sakkwato, kuma zai yi mata. Wasu sun ce ƙarya take yi. Akwai wani abokin aikin babanta, Abdulshakur, da ya zo gida hutu, zai koma ranar Alhamis ta sama, shi zai kai. In ya tafi, babu wani mai zuwa kafin bikin.

Baba ba ya aiki da lambar takalmi. Ya ce lamba ta 'yan kanti ce. Shi sai an taka takarda an zagaye ƙafa da biro. Ya gaya wa Zulaihatu ta waya yadda za ta yi: yarinya ta tsaya a tsaye, ba a zaune ba, ta ware ƙafafu, nauyinta ya sauka, a riƙe biro a miƙe. Haka suka yi, uban Nuriyya ya kai takardar ofis ya saka a na'ura ta ɗauki hotonta, suka turo.

A nan ne na ci amanar tsohon, don haka bari in yi bayani. Firintata takarda iri ɗaya take ci, A4, wadda kowa ya sani, ta wasiƙa da fom. A kwamfuta akwai wani ɗan akwati da ake dannawa, in ka danna shi, ko wace irin takarda aka turo maka, injin zai matse ta ko ya ja ta har ta zauna daidai cikin A4, ba a yanke gefe ba. Ni tun ranar da na sayi injin na danna shi, ban sake waiwayarsa ba. Kuma yana yi mini amfani. Wasiƙa in ta ɗan ragu wa ya damu? Satifiket in ya tsuke kaɗan, sunanka dai na nan. Abin da ke kawo faɗa shi ne a yanke wa mutum hatimi ko sa hannu. Ranar nan ɗalibai huɗu na kaina, wata mata na jiran fotokwafin katin asibiti, na buɗe saƙon na ga zanen ƙafafu biyu, na danna, takarda ta fito, na miƙa masa ta bayan kafaɗa.

Ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana kallo.

"Allah sarki, 'yar ƙahwa," ya ce. "Abincin can bai gina yaro. Kullum shinkahwa da kihi."

Na yi dariya ban ko ɗago kai ba. Ni da na san shekarar da suka tafi, ni da ke da yara uku ina saya musu takalma duk ƙarshen zango. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Kwana tara ya yi a kan takalman. Da kansa ya hau Keke mai ƙafa uku ya je wajen majema, ya ƙi fata uku kafin ya ɗauki ta huɗu. Kullum da safe sai ya jawo tabarmarsa inda rana ke sauka, ya duƙa har hancinsa na neman taɓa fatar. Ya yanka kirgi, wato fatar saniya mai kauri, ya yi ƙasan. A saman ya yi ado da siraran zaren fata kore da rawaya, wani irin saƙi da ya ce rabonsa da shi tun auren Zulaihatu. Zira zare a basilla ne ya fi ba shi wahala, sai ya ƙwanƙwasa bango sau biyu, in fito in zira masa in koma. Masu wucewa suna tsayawa kallo. Wani alhaji ya fito daga mota ya ce a yi wa jikarsa irinsu, Baba ya ce ya rufe, waɗannan ne na ƙarshe.

Ranar Talata da hantsi ya kawo mini su a naɗe cikin farin ƙyalle. Kai, sun yi kyau! Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ya fito daga rumfar nan ba. Na ɗora ɗaya a tafin hannuna, ya zauna daidai, ko yatsuna bai wuce ba. Na yaba, na ƙara yabawa, ya koma rumfa yana murmushi zai shafa musu mai.

Bai fi minti goma da fita ba wayata ta yi ƙara. Zulaihatu ce ta turo hoto, ta rubuta a ƙasa: Anti, nuna wa Baba atamfar da za ta sa, ya ga ko ta dace da jan. Duk hotunan da take turowa na fuska ne, kunci da haƙora, in na nuna wa Baba ya ce ma sha Allah ya miƙo mini wayar. Wannan kuwa a tsaye aka ɗauke shi, daga kai har ƙasa. Nuriyya na tsaye kusa da uwarta a bakin ƙofa, kanta ya kai kafaɗar Zulaihatu. Doguwa, siririya, ga ƙafafu zara-zara cikin silifas.

Na sake kallon ƙafafun nan. Na buɗe takardar nan ta ranar Asabar, na duba girmanta. A3. Babbar takarda ce, A4 biyu in ka jera su gefe da gefe. Dole, tunda an ce yarinya ta ware ƙafafu. Na duba ɗan akwatin nawa, yana nan a danne, a gefensa an rubuta saba'in da ɗaya cikin ɗari. Injin ya yi abin da na sa shi, ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙafar yarinya bai ce mini uffan ba.

Wani saurayi ya leƙo yana cewa, "Anti, shafi biyu ne kawai." Na ce masa ya ɓace mini da gani. Bai yi mini komai ba, bawan Allah.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin yin shiru. Na zauna na tsara shi tsaf. Abdulshakur ya kai takalma, Zulaihatu ta buɗe ta gani, na san halinta, ba za ta taɓa gaya wa ubanta ba. Za ta kira ta ce Baba sun yi kyau, an gode, Allah ya ƙara girma. Tsoho ya ji daɗi, ni kuma sunana bai ɓaci ba. In ma magana ta fito, sai a ce yaro ne, girma yake yi. Abin da ya hana ni shi ne yarinyar. Na hango ta a cikin aji ranar bikin da takalmin kanti, waɗanda suka ce ƙarya take yi suna kallon ƙafarta. Na san wannan kallon, an yi mini shi ina ƙarama.

Na rubuta wa Zulaihatu: ɗauki rula ki auna mini ƙafarta daga dunduniya zuwa babban yatsa, yanzu-yanzu, kar ki tambaye ni dalili. Can wajensu yamma ce, yarinyar na gida. Amsa ta zo, santimita ashirin da ɗaya. Na cire dannin akwatin, na mayar da lambar ɗari cif, na raba takardar gida biyu, ƙafar dama a shafi ɗaya, ta hagu a ɗaya. Da suka fito na sa rula. Ashirin da ɗaya. Na sake bugawa ta tsohuwar hanya don in ga ɓarnar da idona, na auna. Sha biyar, har da ɗan ragi.

Na kwashi takardun na zagaya rumfa. Yana zaune yana goge takalman da tsumma.

"Baba, na yi maka laifi."

"Ke? Wane irin laihi?"

"Takardar da na ba ka ba daidai take ba. Injina ya rage ta, ni kuma ban duba ba. Ba laifin Zulai ba ne, ba na kowa ba ne, nawa ne. Ga ƙafar Nuriyya ta gaskiya."

Na shimfiɗa shafukan biyu a kan tabarma. Ya kalle su, ya kalle ni.

"Wagga ƙahwar wa ce?"

"Ta Nuriyya."

"A'a. Ta Zulai dai. Sun yi kuskure sun aiko da ta uwar."

"Baba, shekararta tara."

"Na san shekarunta," ya ce, da ɗan zafi. "Ni niy yi mata huɗuba."

Na miƙa masa wayar da hoton, na buɗe shi ya cika allon. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya sake kusantowa. Sai ya ajiye wayar a hankali, ya ware babban yatsansa da na tsakiya a kan zanen, daga dunduniya zuwa yatsa. Ɗani guda cif, har sai da ya ɗan miƙa. Ya ɗauki takalmi ɗaya ya ɗora a kan zanen. Yatsun yarinyar gaba ɗaya da rabin tafin suna waje.

Na so ya zage ni. Da ya ɗaga murya ya ce mini sakarya, da na ji sauƙi, don na san yadda ake amsa faɗa. Bai yi ba. Wani mai babur ya zo da jaka a hannu, ya ga fuskokinmu, ya juya.

"Shekara arba'in da wani abu ina kallon sawun mutane," ya ce daga baya. "Ƙahwar ɗan shekara ukku ba ta kama da ta ɗan tara, ko an rage ta. Waccan gajera ce mai hwaɗi, wagga doguwa. Ya kamata in gane. Ban so ganewa ba, Dorcas. Da nig ga takardar, ita nig gani, wadda tat tahi."

Nan idona ya cika, na juya kamar ina kallon titi. Na ji tausayinsa, na ji kunya, na kuma ji haushin kaina, duk a lokaci ɗaya.

"Yau Talata," na ce. "Me za a iya yi kafin Alhamis?"

Ya jawo ragowar jar fatar ya auna da hannu. Ba za ta isa rufaffen takalmi ba, sai dai mai maɗauri. Kirgi akwai. Adon ne ba zai yiwu ba, shi kaɗai ya ci kwana shida. Na ce zan je wajen majema in samo wata fatar, ya ce fata ba ita ce matsala ba, kwanaki ne. Na ce ko a kai wa wani baduku mai ƙarfin ido ya taya shi. Ya kalle ni kallon da ya sa na haɗiye sauran maganar.

"Ta ce musu kakanta," ya ce.

Sai ya ɗauki ƙaramar wuƙarsa, ya ɗauki takalmin da ya gama gogewa yanzun nan, ya soke ta a bakin ɗinkin.

"Baba! Me kake yi?"

"Adon na nan lahiya lau. Shi za mu cire mu ɗora bisa sabon."

Ina tsaye ya farke aikin kwana tara, ɗinki bayan ɗinki, hannunsa na rawa amma bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ya fitar da adon guda biyu, kowanne kamar faɗin ganyen mangwaro, ya ajiye su a kan ƙyallen. Sauran ya tura gefe da ƙafa bai sake kallonsu ba.

Na koma na rufe shagona, na rubuta a takarda na manna: ba aiki sai Alhamis da rana. Ɗalibai suka yi ta ƙwanƙwasa, na leƙo daga rumfa na ce duk wanda firojet ɗinsa ba zai iya jira ba, ga unguwar Gawon Nama can, shaguna sun fi ashirin. Na kira Abdulshakur na roƙe shi, ya ce jirgi ba ya jiran kowa, amma zai biyo ta Mabera a hanyar filin jirgi, ƙarfe goma sha ɗaya, ba zai kashe mota ba.

Ban iya ɗinki ba, kuma Baba ba zai bari in taɓa ba ko da na iya. Aikina zira zare. Na jera basilla biyar, da ya gama da ɗaya in miƙa masa wata, in zira wadda ya ajiye. Ina riƙe masa fata in zai yanka, ina jan tabarma ina bin rana da ita, ina korar masu zuwa gaisuwa. Wani ya ce, "Yau Anti ta koma dukanci?" Na ce masa in ba shi da aikin yi ya zo ya riƙe lema. Da haske ya ragu Baba ya tattara, don idonsa ba ya aiki da fitila, wannan ya sa kwana biyun namu suka zama guntaye ƙwarai. Ranar Laraba da la'asar basilla ta shige masa yatsa, ya tsotse jinin, ya naɗe da tsumma don kar ya ɓata fatar, ya ci gaba. Ba mu yi hirar kirki ba. Sau ɗaya ya tambaye ni ko yara 'yan shekara tara suna son kore da rawaya, ko sun fi ƙarfin wannan. Na ce tawa 'yar har yanzu tana so.

Ranar Alhamis ƙarfe goma da rabi ya ɗaure zaren ƙarshe ya yanke. Ba su kai na farko kyau ba, ba zan yi ƙarya ba. Ɗinkin maɗaurin hagu ya ɗan karkace, kuma adon ya yi ƙanƙanta a kan faɗin fatar. Amma takalma ne na gaske, masu ƙarfi, ja wur. Ni kuwa tsoro ya riga ya shige ni, na ɗauko rula da zanen, na ɗora. Sun wuce layin da faɗin yatsa biyu.

"Baba, sun yi yawa! Na shiga uku, ko na sake..."

"Ajiye rulakki. Ni niƙ ƙara. Tun da anka zana ƙahwar an kusa mako biyu, bikin kuma sai wata mai kamawa. Ba ta tsaya jirana ba."

Abdulshakur ya iso yana danna hon. Na naɗe takalman a ƙyalle, na sa a leda biyu, na miƙa ta taga, na ce masa in ya bar su a jirgi kar ya sake biyowa ta Mabera. Ya yi dariya, ya gaida Baba daga cikin mota, ya ja.

Na buɗe shago, mutum shida na jira. Na fara da na farko ke nan sai ga Baba a bakin ƙofa. Bai shigo ba, ya tsaya yana murza yatsan nan mai tsumma.

"Dorcas, injin nan naki da ka rage abu. Shina iya hiddo shi da girmanai na gaske, ko da babba ne?"

"Yana iyawa, sai dai a raba shi shafi-shafi a haɗa."

"Hoton nan da Zulai ta aiko. Ban da uwar. Ita kaɗai."

Na ce wa mutanen su ba ni minti ashirin, wanda ya fara gunaguni na kalle shi ya yi shiru. Na tambayi Zulaihatu tsawon yarinyar, ta auna ta a jikin bango ta turo, santimita ɗari da talatin da huɗu. Na yanke hoton, na ja shi har ya kai haka, na raba. Shafi goma ya ci, biyar a tsaye, biyu a kwance. Da aka ja shi haka ya dushe, fuskar ta yi hazo-hazo, amma ga idon Baba duk ɗaya ne. Na datse fararen gefunan da almakashi, na haɗa da salatif a kan teburina, muka ɗauka mu biyu muka kai rumfa. Na manna shi a bango, silifas ɗinta na taɓa ƙasa daidai, na sa tef na auna don in tabbata.

Baba ya cire hularsa ya ajiye. Ya matsa ya tsaya a gefenta, kafaɗa da bango, ya miƙe iya miƙewarsa. Ya ɗora tafin hannu a saman kanta, ya jawo shi a hankali zuwa jikinsa. Ya tsaya a ƙirjinsa, wajen aljihun riga.

"Nan tak kawo mini," ya ce.

Na ce eh, Baba, nan ta kawo. Ya bar hannun a wurin, ni kuma na koma wajen masu jirana.